An buɗe ƙuri'a a Apache Incubator, saura kwana biyu: in ba da +1 ko -1?

Mai_Sabobi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zama a kan irin wannan. An buɗe ƙuri'a a Apache Incubator, sashen gidauniyar Apache da ke rainon sababbin ayyukan manhaja, kan karɓar wata manhaja da aikinta shi ne ɗora sauran manhajoji a kan sabobi da yawa lokaci guda, ta sabunta su, in sabuntawar ta lalace ta mayar da su yadda suke. Ina cikin IPMC, kwamitin da ke kula da Incubator ɗin, don haka ƙuri'ata ana lissafa ta. Awa 72 aka bayar, an riga an ci kwana ɗaya.

Manhajar tana aiki, na gwada ta. Amma mutum bakwai aka rubuta a matsayin masu ikon shigar da gyara, shida daga ciki ma'aikatan kamfani ɗaya ne. Masu raino, wato 'yan IPMC da za su jagoranci aikin, biyu kacal suka sa hannu. Sannan tana ajiye tarihin ɗorawarta a rumbun bayanai na MariaDB ta direban Java (kod ɗin da ke haɗa ta da rumbun) mai lasisin LGPL. Wanne cikin waɗannan ya isa a ƙi aiki saboda shi, wanne kuma za a iya gyarawa bayan an shiga?

Ɗan_Kubernetes:
Wa alaikumus salam. Ni tun farko ban ga abin da ya kai su Apache ba. Irin wannan manhaja gidanta CNCF ne, gidauniyar manhajojin cloud da ke ƙarƙashin Linux Foundation. Helm can take, ta kammala raino ta zama cikakken aiki a 2020. Argo da Flux duk sun kammala a ƙarshen 2022. Masu amfani da irin kayan nan can suke taruwa. Ka ce musu su nemi matakin Sandbox, matakin farko a CNCF, kawai.

Hajiya_Lasisi:
Ɗan_Kubernetes, ba a tambaye ka inda za su je ba, sun riga sun zo.

Malam Mai_Sabobi, batun LGPL shi ne mafi sauƙi. Rukunin X yake a dokar Apache, wato ba za a saka shi cikin abin da aka saki ba, kuma ba zai zama dole ga aikin manhajar ba. Amma ba ya hana shiga. Ana iya sakin sigogin farko da fayil ɗin DISCLAIMER-WIP a rubuta matsalar a ciki, da sharaɗin a gyara kafin kammalawa. Gyaran ma a bayyane yake: a sa PostgreSQL ta zama ta asali tunda direbanta BSD ne, a bar MariaDB a matsayin zaɓi, wanda yake so ya sauko da direban da kansa. Abin da za ka duba shi ne ko sun cusa SQL irin na MariaDB kaɗai a cikin kod ɗin. In a wuri ɗaya aka killace shi, aikin 'yan makonni ne. In kuwa ya bazu ko'ina, ka tambaye su a fili wa zai ɗauki aikin.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne takardar SGA, wadda mai kod ke ba gidauniya izinin kod ɗin da ita. Kamfanin ne ke da haƙƙin mallakar kod ɗin duka, ko akwai na 'yan kwangila da tsofaffin ma'aikata da suka tafi? Nan ake maƙalewa.

Baba_Tasha:
Ɗana, ba da -1 ka huta. Na ga irin wannan da idona, tun daga shigarsa har rufe shi. Ba zan faɗi sunan aikin ko kamfanin ba.

Manhajar ɗorawa ce ita ma, mai kyau ƙwarai. Mutum tara aka rubuta, takwas na kamfani ɗaya. A takardar neman shiga, a sashen da ake faɗin haɗarin dogaro da ma'aikata masu albashi, suka rubuta cewa ko kamfanin ya janye za su ci gaba don suna son aikin. Aka karɓe su da murna. Wata shida na farko komai lafiya. Sai kamfanin ya canja alƙibla, aka kwashe injiniyoyi biyar aka kai wani sashe. Ba wanda ya sanar, kawai sai aka ga saƙo yana kwana goma ba amsa.

Ga inda abin ya yi ciwo. Don a saki siga, sai 'yan aikin sun yi ƙuri'arsu, sannan a kai IPMC a samu +1 uku masu ƙidayuwa. Mutum biyun da suka rage suka shirya siga sau huɗu. Na farko RAT, manhajar binciken lasisi, ya kama fayiloli marasa kan lasisi. Na biyu an bar wani jar, fayil ɗin Java da aka riga aka gina, cikin kunshin tushen kod. Na uku fayil ɗin NOTICE, mai sanarwar haƙƙin mallaka, bai dace da abin da ke cikin kunshin ba. Na huɗu komai ya yi daidai, amma wanda ya san yadda ake gina ɓangaren da ke zama a kan kowace saba ya tafi da saninsa, ba a rubuce yake ba, ba wanda ya iya tabbatar da ginin. Masu raino sun yi iya yinsu, amma mai raino ba shi ke rubuta kod ba.

Su waye suka sha wahala? Ƙananan kamfanonin da suka ga sunan gidauniya suka saki jiki. Manhajar ɗorawa ba kamar ɗan laburare ba ce da za ka cire ka sa wani da yamma ɗaya. Makullan SSH na shiga sabobinka duka suna hannunta, tsarin kowace ɗorawa a harshenta aka rubuta shi. Na san wurin da ke da sabobi sama da ɗari a kanta, aka gano rami a yadda take ajiye kalmomin sirri, kuma babu mai gyarawa. Wata huɗu suka yi suna sake rubuta komai da wata manhajar ɗorawa, Ansible. Kamfanin nan kuwa har yau yana sayar da tasa sigar ta kuɗi. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ɗan_Kubernetes:
To kun ji. Shi ya sa na ce CNCF.

Hajiya_Lasisi:
Kamfanin Weaveworks da ya haifi Flux ya rufe a farkon 2024, Flux tana cikin CNCF a lokacin. Ta rayu ne don akwai masu kula da ita da wasu kamfanoni suka ɗauki nauyinsu. rkt kuwa a CNCF ɗin aka jingine ta aka daina raya ta a 2019. Ba sunan gidauniya ke raya aiki ba, Baba ma ba cewa ya yi su koma CNCF ba.

Malam_Nadabo:
Baba, da girmamawa, labarinka gaskiya ne amma hukuncin bai bi ba. In aka ce duk aikin da kamfani ɗaya ya kawo a ƙi shi, to mene ne amfanin Incubator? Don haka aka kafa ta a 2002. Brooklyn daga kamfanin Cloudsoft ta fito, ta shiga 2014, ta kammala ƙarshen 2015. ACE, mai rarraba manhajojin OSGi zuwa na'urori, ta shiga 2009, ta kammala 2011, ta yi shekarunta sannan aka kai ta Attic, inda Apache ke ajiye ayyukan da aka daina, a 2017. Ambari an kai ta Attic a farkon 2022, cikin shekarar mutane suka taso suka dawo da ita. Tara jama'a daga wurare daban-daban sharaɗin kammalawa ne, ba na shiga ba.

Mai_Sabobi, kada ka tsaya kan sunaye bakwai na takarda. Sauko da ma'ajiyar kod ɗin ka buga git shortlog -sne na wata 12 da suka wuce, ka duba adireshin imel na kowa. Sannan ka ɗauki gyare-gyare 20 na ƙarshe da 'yan waje suka turo: kwana nawa kowanne ya yi kafin a kula shi, nawa aka karɓa, nawa aka rufe ba bayani. In akwai ɗan waje da ya yi wata shida yana turo gyara mai kyau amma ba a sa sunansa cikin bakwai ɗin ba, wannan ita ce alamar da za ta tsorata ka.

Baba_Tasha:
Nadabo, kai ƙuri'arka tana ƙidayuwa ne da kake koya mana?

Malam_Nadabo:
Ba ta ƙidayuwa, Baba, taka ma haka. Amma kowa na da damar jefawa ya faɗi dalilinsa, kuma hujja ake dubawa. Tunda an zo nan, a gyara wani abu: -1 a wannan ƙuri'ar ba ta tsayar da komai ita kaɗai. Hawa kujerar na ƙi a kan gyaran kod ne kawai, shi ma sai da dalili na fasaha. Karɓar aiki da rinjaye ake yi.

Auta:
Wato zaɓe ne da ba taliya, ba sabulu, ba atamfa, kuma ana iya jefa +0.5? Yaya Mai_Sabobi, raba ta biyu kawai, rabi ga Baba rabi ga Malam Nadabo, kowa ya kwana lafiya.

Injiniya_Gaje:
Auta, Allah ya shirye ka. Ni abin da ban ji an taɓo ba shi ne kuɗin gwaji. Shiga Apache kyauta ne, ko sisi ba a biya. Amma manhajar ɗorawa ba a gwada ta da gwajin cikin kod kaɗai, sai an tayar da injina na gaske an ɗora an rushe. A AWS, hidimar hayar sabobi ta Amazon, saba samfurin m5.large tana kusan dala 0.096 a awa a yankin us-east-1. Guda biyar, awa biyu kowane dare, bai kai dala 30 a wata ba. Kamfanin ya yi alƙawarin biyan wannan a rubuce, shi ke nan.

Ɗan_Kubernetes:
Dala 30 ina? Gwajin sabuntawa yana buƙatar gungun da ya daɗe a tsaye da tsohuwar siga a kansa, in ba haka ba me kake sabuntawa? Guda goma dare da rana, awa 730 a wata, dala 700 ke nan. Ƙara EKS, hidimar AWS mai kula da gungun, senti 10 a awa, wasu dala 73 kan kowane gungu. Ban sa faifai da zirga-zirgar bayanai ba.

Injiniya_Gaje:
Ana ɗaukar hoton faifan tsohuwar sigar a tayar da shi lokacin gwaji. Ba sai an bar injin yana cin kuɗi ba.

Ɗan_Kubernetes:
Hoton faifai ba ya nuna maka abin da ke faruwa in satifiket ya ƙare ko log ya cika faifai bayan mako uku. Irin waɗannan ne ke kayar da ɗorawa a wurin aiki.

Hajiya_Lasisi:
Akwai kuma suna. Dole a yi binciken suna kafin kammalawa, kuma in kamfanin ya yi wa sunan rajista, sai ya miƙa wa gidauniya. In abin sayarwarsu ma sunan yake ɗauke da shi, ɗayan biyu zai canja. Rajista a Amurka ba tsada, dala 250 ce kan kowane rukuni.

Malam_Nadabo:
Hajiya, wancan tsohon farashi ne. Tun Janairun 2025 dala 350 ce, ban da lauya.

Baba_Tasha:
Sunan nan shi ne komai. Ku dubi abin da ya faru da NATS a 2025, da kamfanin Synadia ya nemi janye aikin daga CNCF ya canja masa lasisi. Rigimar a kan alamar kasuwanci ta tsaya, sai da aka sasanta aka miƙa ta ga Linux Foundation. Duk kamfanin da ya ce zai miƙa suna "daga baya", a sa masa ido.

Injiniya_Gaje:
Ai wannan ita ce cutar zamanin nan. HashiCorp ta mayar da Terraform lasisin BSL mai taƙaita amfanin kasuwanci a Agustan 2023, mutanen da suka shekara suna rubuta mata kari kyauta suka wayi gari da sabuwar doka. Da ba a tsaga OpenTofu daga kod ɗin Terraform an kai ta Linux Foundation a Satumba ba, da yanzu wani zance ake. Kuma duk ta hanyar takardar da mai ba da gudummawa ke sa wa hannu ake samun wannan damar.

Hajiya_Lasisi:
A bambance dai. Takardar mai ba da gudummawa ta Apache, ICLA, ba ta karɓe maka haƙƙin mallaka, izini kake ba gidauniya, kod ɗinka naka ne. Matsalar ita ce irin takardar in kamfani mai neman riba ne ke riƙe da ita.

Injiniya_Gaje:
Na yarda, amma lasisin Apache 2.0 ɗin ma ba ya hana kowa ɗauka ya rufe ya sayar. Lokacin ramin tsaro na Log4j, wani laburaren Apache, a Disambar 2021, 'yan sa kai ƙalilan ne suka kwana suna gyara, manyan kamfanonin da ke cin moriyarta suna ta aiko da tambayar yaushe za a gama. Da GPL ce aƙalla wanda ya gyara ya rarraba dole ya fito da gyaransa.

Ɗan_Kubernetes:
GPL ba ta kama mai gudanar da manhaja a sabarsa yana sayar da hidima. Sai AGPL ce ke kama shi, ita kuma kamfanoni da yawa ba sa bari ta shigo musu gida.

Mai_Sabobi:
Na gode muku. Na buga abin da Malam Nadabo ya ce. Akwai 'yan waje biyu masu gyara sama da goma kowanne, ba a sa ko ɗaya cikin bakwai ɗin ba. Na rubuta na tambayi dalili, na kuma nemi a ƙaro mai raino na uku. Batun masu raino biyun nan har yanzu ba wanda ya ce min komai a kai. Ana karɓa da biyu, ko in ce sai an cika uku kafin in jefa?

Baba_Tasha:
Gaje, AGPL ɗin ma MongoDB ta bar ta a 2018 ta koma SSPL, ita ce mai haƙƙin mallaka, ba wanda ya isa ya hana ta. Ka faɗa min lasisin da zai hana mai kaya canja ra'ayi.