Tsayina mita 1,75 ne: ƙafa nawa ke nan da inci nawa?

Ɗan Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka san lissafi su warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai tun makon jiya. Lokacin da na je yin takardar shaidar lafiya an auna ni, aka rubuta 1,75 m. Yanzu kuma ina cike wata takardar neman gurbin karatu ta intanet wadda ta nemi tsayi da ƙafa da inci, kowanne da gurbinsa. Na ga an ce ƙafa ɗaya santimita 30,48 ce, sai na raba 175 da wannan adadi, waya ta ba ni 5,74, na sa 5 a gurbin ƙafa, 7 a gurbin inci. Da na nuna wa ɗan kawuna da ya zo daga Kano, sai ya yi dariya ya ce shi ƙafa 5 da inci 8 ne, alhali kowa a gidanmu ya san na ɗara shi tsayi. A ina na yi kuskure? Kuma me ya sa mutanen Kano, da ke nan kusa da mu, suke faɗin tsayinsu da ƙafa?

Malamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Rabawar da ka yi daidai ce, a wajen karanta sakamakon ne ka zame. Mita tana tafiya goma-goma, shi ya sa in ka ga 1,75 kai tsaye kake cewa mita ɗaya da santimita saba'in da biyar. Ita kuwa ƙafa inci 12 gare ta, don haka 74 ɗin da ya biyo bayan waƙafi kaso ne na ƙafa guda, kusan kashi uku cikin huɗu, wanda sai an ninka shi da 12 kafin ya koma inci. In ka yi haka za ka samu 8,9. Tsayinka ƙafa 5 ne da inci 9, kuma da ka aika takardar yadda ka cike ta, da ka rage wa kanka kusan santimita biyar da hannunka.

Hanyar da nake koya wa ɗalibaina ta fi wannan tsaro: raba santimita da 2,54 ka samu inci gaba ɗaya, wato kusan 69 a wajenka, sannan ka cire 60, waɗanda su ne ƙafa biyar, abin da ya rage shi ne incinka. Ɗan kawunka mai ƙafa 5 da inci 8 bai cika santimita 173 ba, ka ga gaskiyar mutanen gidanku ke nan.

Amsar tambayarka ta biyu tana cikin tarihi. A Faransa aka ƙirƙiro mita bayan juyin juya halinsu, aka ajiye sandar awon a Paris a 1799, shekara ɗari cif kafin sojojinsu su ci Damagaram a 1899, ta nan mu na Nijar muka gaji mita. Turawan Ingila kuwa sun ci Kano a 1903, suka zo da ƙafa da yadi da mil. Najeriya ta koma tsarin mita a hukumance tun shekarun 1970, amma baki bai saki abin da ya saba ba, kamar yadda a Ingila kanta har yau mutum yake faɗin tsayinsa da ƙafa. Abin da ke ba ni dariya shi ne, tun yarjejeniyar 1959 shi kansa incin da santimita ake fayyace shi: 2,54 ba ƙari ba ragi.

Tela na Kasuwar Dole ya amsa:

Malam ya gama magana a kan lissafi, amma ina so in ɗan gyara zancen cewa ƙafa da inci na mutanen Kano ne kawai. Zaren awon da ke rataye a wuyana fuska biyu gare shi, ɗaya santimita ɗaya inci, kuma ni da na koyi ɗinki a hannun wanda ya yi zaman Kano, da inci nake auna tsawon riga, maƙwabcina kuma da santimita. Matsala tana zuwa ne in aka aiko adadi tsirara. Ana gab da ƙaramar salla wata baiwar Allah ta aiko ta waya cewa tsawon wando 40 ne, yarona ya juya zaren ta fuskar inci ya yanka wandon babban mutum, ashe na jikanta ne ɗan shekara biyu. Ni na biya yadin. Tun daga ranar, duk wanda ya faɗa mini lamba sai na tambaye shi ta wace fuska ya auna.

Iyayenmu ma ba su ƙidaya tsayin mutum da lamba ba: dogo ne, ko gajere, ko tsaka-tsaki. Kamu na tufa ne, gaba ta zurfin rijiya ce, ko da yake gabar mutum, in ya buɗe hannuwansa, takan yi kusan daidai da tsayinsa.

Ma'aikaciyar Lafiya ta amsa:

Ƙanena, kafin ka damu da juya adadi, ka tabbatar adadin na farko sahihi ne. A cire takalmi da hula, a jingina diddige da baya da bango, a kalli gaba sosai, sannan wani ya ɗora littafi a kwance bisa kai ya yi alama. Mutum yakan fi tsayi da safe da kamar santimita ɗaya, saboda faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya yana matsewa da wunin tsaye.

A wajen aikinmu santimita kaɗai muke amfani da ita, domin inci ya yi gwaɓi ga awon yara. Jadawalin girma na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 da santimita aka tsara shi, kuma da shi muke gwada nauyin yaro da tsayinsa mu gane ko tamowa ta kama shi. Wanda bai kai shekara biyu ba a kwance muke auna shi a kan allo, mu rubuta har da milimita, tunda santimita biyu ko uku suna iya sauya layin da za a duba a jadawalin.

Ɗan Birni ya sake rubutawa:

Na gode, Malam, na gode Baba Tela da Yaya. Na sake aunawa jiya da yamma a bangon zaure, ba takalmi ba hula, na samu 174. Na raba da 2,54 ya ba ni inci 68 da rabi, daidai tsakanin 5 da 8 da kuma 5 da 9, takardar kuwa ba ta karɓar rabi. Na sa 9, tunda shi ya yi daidai da abin da ke rubuce a takardar likita. Ɗan kawuna ya ce bai yarda ba sai an auna mu tare gobe da safe.