Yaya kuke tsamo abin da kuke nema cikin dogon rubutu?

Salamu alaikum ƴan uwa. Ɗalibi ne ni a nan Damagaram, ina bincike kan dalilin da ya sa Faransawa suka ɗauke hedikwatar mulkinsu daga Zinder zuwa Yamai a 1926. Takardun duk da Faransanci suke, ga tsawo. In na fara daga shafin farko, kafin in kai tsakiya na manta abin da nake nema. Na gwada karanta gabatarwa da kammalawa kawai, amma zancen ƙarancin ruwa, wanda shi na fi buƙata, yakan ɓuya can a ƙasan shafi. Wasu kuma hotonsu aka ɗauka, kwamfuta ba ta iya neman kalma ciki. Don Allah yayyena da kuka gama, yaya kuka yi?