Me za mu kira "pattern" na rigunan da?

Malamar Ɗinki: Salamu alaikum. Kalma ɗaya ta gagara wajen rubuta darasin ɗinka rigunan matan Turai da Amurka na shekarun 1930 zuwa 1950: abin da Turawa ke kira "pattern". Ba adon jikin yadi ba. Siririyar takardar nan da ake shimfiɗawa a kan yadi, a kafe ta da fil, a bi gefenta da almakashi. Gaba daban, baya daban, hannu daban. Telolinmu da tef da alli suke yanka kai tsaye, shi ya sa abin bai samu suna ba. An kawo shawarar sunaye uku: samfur, zubi da taswirar ɗinki.

Tsohon Tela: Wa alaikumus salam, Malama. Samfur dai a cire shi. Samfur ita ce ɗinkakkiyar rigar da mai kaya ke kawowa ta ce a yi mata irinta. Zubi kuwa kamannin riga ne bayan an gama. Wasu yaran shago na cewa fatan, amma duk wanda ya ji zai ɗauka ana maganar zanen atamfa ne.

Mai Almakashi: Baba ya yi gaskiya. Ni taswirar ɗinki nake goyon baya, don takardar ba layin yanka kaɗai take nunawa ba. Tun da Ebenezer Butterick ya fara sayar da su girma-girma a Amurka a 1863, har zuwa shekarun 1940 yawancinsu ba rubutu a jiki, sai huji da 'yan tsage-tsage a gefe. Galibi jeren manyan huji na nuna yadda za a daidaita takardar da tsayin yadi, ƙanana na nuna inda za a yi dat (ɗan ninkin da ake ɗinkewa don riga ta bi siffar jiki), tsagar gefe kuma inda ƙyalle biyu za su haɗu. Kowane kamfani da ma'anar hujinsa, sai an duba takardar bayani. Abin da ake karantawa haka, ai taswira ce.

Tsohon Tela: To amma taswira ƙaramar siffa ce ta babban abu, ɗana. Wannan kuwa daidai girman rigar take. Akwai wadda ta cancanci sunan: zanen da tsofaffin mujallu da littattafan ɗinki ke bugawa a kan ƙananan murabba'ai, kowane murabba'i a matsayin inci ɗaya ko biyu, sai ka faɗaɗa da kanka. Waccan a bar mata taswirar ɗinki. Mai cikakken girma a ce takardar yanka.

Mai Almakashi: Na yarda. Dama da an ce mayanka, da mahauta sun shigo zancen.

Malamar Ɗinki: Saura wadda aka gyara aka sake bugawa. Ta asali takan zo a yage, a ƙanƙance, wani ɓangare ya ɓata. Mai gyara zai goge ta da dutsen guga mai ɗumi ba tururi, ya kwafe a sabuwar takarda, ya miƙe layukan da suka karkace, ya auna ya ga kafaɗar gaba ta yi daidai da ta baya, sannan ya ƙara wasu girman, tunda ambulan ɗin da ake sayar da takardar a ciki girma ɗaya yake ɗauka a wancan zamani. "Sabuntacciya" ta yi?

Hajiya Mai Keke: Ta yi, Malama, amma a gargaɗi ɗalibai kada sunan ya ruɗe su. Takardar ce sabuwa, awon na da ne. Lamba 16 ta shekarun 1940 ƙirji inci 34 ne, ƙugu 28, kwatangwalo 37, don haka da awon ƙirji ake zaɓa, ba da lamba ba. Rarar da ake bari ta ɗinki ma sau da yawa rabin inci ce ko ƙasa, ta yanzu kuwa santimita ɗaya da rabi. In aka ɗinka da ta yanzu a kan ta da, kowane haɗi ya ci kaɗan, riga ta matse. Rigunan shekarun 1950 an yanka su ne don jikin da aka ɗaure da ɗamarar matse ciki, shi ya sa ƙugun ke tsukewa, bakin dat ya hau sama da inda ya kamata. A fara ɗinkin gwaji da akoko, a sauke dat ɗin, a saki ƙugu, kafin a taɓa yadi mai tsada.

Tsarin shimfiɗar da ke cikin takardar bayani kuma na yadi mai faɗin inci 36 ko 39 ne. Atamfa ta fi haka faɗi, sai an sake jerawa.

Tsohon Tela: Tunda an zauna, a haɗa da yankan da mai tsara tufafi Madeleine Vionnet ta yi suna da shi a Faransa, wanda ake karkata takardar digiri 45 daga bakin yadi. Yankan karkace ya ishe shi. A rubuta cewa siket irin wannan sai ya kwana a rataye kafin a yi kalmasa, in ba haka ba gefe ɗaya zai zubo ya fi ɗaya tsawo.

Malamar Ɗinki: An rubuta, Baba. Takardar yanka, sabuntacciyar takardar yanka, taswirar ɗinki ga mai murabba'ai, sai yankan karkace. Dat mun bar shi yadda teloli ke faɗa.