Neman shawara: bakteriya ce ke kawo zazzaɓi, ko garkuwar jikinmu?

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ni ɗalibar aikin jinya ce, an ɗora mini nauyin yi wa 'yan ajinmu bayani kan yadda zazzaɓi ke tashi idan bakteriya ta shiga jiki. Na daɗe ina zaton ƙwayar cutar ce take zafafa jini da kanta, sai na karanta cewa ƙwayoyin garkuwarmu ne suke sakin wasu sinadarai da ake kira saitokin. Abin ya ɗaure mini kai. Ta ina zan fara bayanin? Kuma idan zazzaɓi aikin garkuwa ne, kuskure ne a ba majiyyaci farasitamol?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki fara daga bangon bakteriyar. Irin su Salmonella mai haddasa taifod suna da wani sinadari a fatarsu ta waje mai suna LPS, su kuwa fararen ƙwayoyin jini da ake kira monosayit da makrofaj suna ɗauke da wani mai gadi a jikinsu, TLR4, wanda yake gane shi da zarar sun haɗu. Daga nan saƙo yake ratsawa ciki har ya tayar da furotin NF-kB, shi kuma ya shiga cibiyar farar ƙwayar jinin ya sa a fara ƙera IL-1 da TNF da IL-6, wato saitokin ɗin da kike tambaya. Ki ja hankalinsu ga IL-1, domin ana fara yin sa ne a daure, sai wani sinadari mai suna kasfes-1 ya yanke shi kafin ya fita ya yi aiki. A ganina wannan kariya ce babba, tunda mataki ɗaya bai isa ya kunna wutar ba. Bruce Beutler ne ya gano aikin TLR4 a 1998, kuma ya samu kyautar Nobel a 2011.

Amsa ta biyu: Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ƙari kawai zan yi. Saitokin suna bin jini zuwa jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, inda suke sa a samar da wani sinadari mai suna PGE2, shi ne yake ɗaga ma'aunin zafi a haifotalamus, wato ɓangaren ƙwaƙwalwa mai daidaita zafin jiki. Shi ya sa majiyyaci yake makyarkyata alhali jikinsa ya yi rau, domin ƙwaƙwalwa tana ganin bai kai sabon matakin da ta tsayar ba.

Amsa ta uku: Game da farasitamol, 'yata, ba kuskure ba ne idan majiyyaci yana shan wahala. Yana rage samar da PGE2 ne kawai, bakteriyar tana nan daram, don haka saukar zafi ba shaidar warkewa ba ce, kuma dole a yi gwaji a ba da maganin da ya dace da ƙwayar. Ina roƙonki ki gaya wa 'yan ajinku cewa idan saitokin suka yi yawa, jijiyoyin jini suna buɗewa, matsin jini ya faɗi, gaɓoɓi su fara gazawa. Duk mai zazzaɓin da numfashinsa ya yi sauri, ko hankalinsa ya fara gushewa, ko fitsarinsa ya ragu, a sanar da likita nan take, ko da ma'aunin zafi ya nuna ya sauka.