Inji ya fara tari muna sama, kaina ya ɗaure, da me ake farawa?

Dalibin_Sama:
Salam jama'a. Dan Allah matuƙan da ke nan ku taimaka min. Ina koyon tuƙi ne da Cessna 172, tsohuwar ƙirar nan mai kabureta, awa 14 na yi zuwa yanzu kuma malamina ya ce na kusa tashi ni kaɗai. Jiya muna dawowa daga atisaye a kamar ƙafa 3,000 na rage totur za mu fara sauka, can sai na ji inji ya fara tari yana karkarwa, allurar juyin inji tana yin ƙasa a hankali, wallahi duk abin da na haddace ya gudu, na zuba wa agogunan ido kawai ashe ina jan sitiyari ban sani ba, hancin jirgi na ɗagawa har gudu ya ragu. Malam ne ya ce ya karɓa, ya sauke hancin jirgin ya jawo hitar kabureta, wato maɓallin da ke tura iska mai zafi cikin kabureta, inji ya ƙara rikicewa na ɗan lokaci sannan ya washe. Wai ƙanƙara ce. Ƙanƙara a ranar da muke zufa? Ni abin da ya hana ni barci shi ne da ni kaɗai ne fa?

Tsohon_Kyaftin:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗaurewar kai ba abin kunya ba ne, kowa ya yi, amma ka lura da inda ka yi kuskure, tarin inji bai kusa kashe ku ba, jan sitiyarin nan ne. Jirgi ba ya faɗowa don inji ya mutu, yana faɗowa ne in gudu ya yi ƙasa har fikafikai suka daina ɗauka. Saboda haka abu na farko hanci, ka kama gudun da littafin jirginka ya ce, a irin taka 172 not 65 ne, wato mil 65 na teku a awa, ka daidaita tirim, abin da ke riƙe hancin jirgi a inda ka sa shi, ya riƙe maka don hannunka ya samu sarari. Na biyu ka zaɓi inda za ka ajiye shi ka nufi wajen. A wannan gudun kowace ƙafa 1,000 tana ba ka kamar mil ɗaya da rabi, kenan daga inda kuke kana da mintuna, ba daƙiƙu ba. Sai na uku ka bincika, makunnin tanki, hitar kabureta, maɓallin haɗin mai da iska mai launin ja, da magineto mai ba fulogi wuta. Rediyo shi ne na ƙarshe, ka faɗi meide, kalmar neman agaji, sau uku a tashar da kake ko tashar gaggawa 121.5, ka sa lambar gaggawa 7700 a taransifonda, na'urar da ke nuna jirginka a rada. Mutumin hasumiyar filin jirgi ba zai tuƙa maka ba.

Bari in ba ka misalin da ake koya wa kowa. A Disambar 1972 wani jirgin Eastern Air Lines, lafiyayye garau, ya faɗa fadamar Everglades a Amurka cikin dare saboda duk mutanen da ke gaba sun duƙufa kan wani ƙwan fitila na tayar gaba da ya ƙi kamawa, ba wanda ke kallon tsayi. Mutum 101 suka rasu a kan ƙwan fitila.

Mai_Sifana:
Ni ba matuƙi ba ne, gyara nake yi, bari in amsa maka ta ƙanƙarar. A maƙogwaron kabureta iska tana matsewa ta yi sauri sannan mai yana zama tururi, waɗannan biyun suna sauke zafi da digiri 20 ko fiye, to ko a waje ana digiri 25 in dai iska na da laima ƙanƙara za ta taru, musamman in ka rage totur kamar yadda ka yi. Kuma rikicewar da ka ji bayan an ja hita ruwan da ya narke ne inji ke haɗiya, a nan ɗalibai da yawa suke tsorata su mayar da ita ciki, kar ka mayar, ja ta duka ka bar ta.

Wani abin, in altaneta mai cajin batir ta mutu inji ba zai tsaya ba don wutar fulogi daga magineto take zuwa, guda biyu ne kuma ba ruwansu da batir, rediyo da filaf, gefen bayan fiffike da ake saukewa lokacin sauka, su ne za su bar ka in batir ya ƙare. Wanda nake so ka ji tsoro shi ne ka ga matsin baƙin mai ya faɗi zafinsa kuma yana hawa, wannan kam injin sallama yake maka, nemi ƙasa tun yana juyawa.

Fiffike22:
Ni dai Kyaftin, in inji ya mutu min bayan tashi juyawa zan yi in koma titin jirgi, ga shi nan a bayana in je in faɗa gona?

Tsohon_Kyaftin:
A'a ɗana. Komawa titi ya fi rabin zagaye, sai ka karkata sosai kana ƙasa-ƙasa ba gudu, a nan fiffike ke saki jirgi ya murɗa ya soka hanci, kuma ba tsayin da za ka gyara. Sauke hanci nan take ka sauka a abin da ke gabanka, ɗan dama ko ɗan hagu. Ko matuƙin nan Sullenberger a 2009 da tsuntsaye suka kashe masa inji biyu bai nace sai ya koma filin jirgin LaGuardia na New York da ya taso ba, kogin Hudson ya zaɓa kuma duk mutum 155 suka fita da rai. Ka hau sama sosai da malaminka ku gwada juyawar ka ga ƙafa nawa take ci, sai ka dawo mu yi magana.

Dalibin_Sama:
Na gode ƙwarai Kyaftin, Malam Mai_Sifana Allah ya saka. Yanzu na duba takardar jerin dubawa, ashe an rubuta a ja hita kafin a rage totur, ni ne na tsallake layin. Na yi wa malam magana ya ce gobe zai riƙa ja min totur ba sanarwa har sai hannuna ya saba.