Horar da ma'aikatan rediyon jiha kan labaran safe: me ke kamawa?

Editan Zazzau:
Assalamu alaikum. Masu ba da horo a gidajen rediyon gwamnati, mu haɗa abin da muka gani. Nawa dai: kada a fara da lacca. A ɗauko rikodin shirin jiya, daga ƙarfe 6 har zuwa haɗewa da labaran ƙasa na Rediyon Najeriya da ƙarfe 7, a saurara tare, agogo a hannu. A rubuta minti nawa sanarwar gidan gwamnati ta ci, nawa aka bar wa kasuwa, ruwan famfo da hanya. Kowa zai ga matsalar da kansa.

Hajiya Furodusa:
Wa alaikumus salam. Babbar cutar ita ce ɗumame. Labarin daren jiya ake sake karantawa, har da "yau" ɗinsa. Editan dare ya bar labarai uku a shirye, na asuba ya iso awa guda kafin shiri, ya buga waya ko da biyu ce, ya sake layin farko da abin da ya canza. Kuma a rubuta da Hausa kai tsaye. In aka fassaro daga Turanci, jimla kan yi tsawo, numfashin mai karatu ya ƙare a tsakiya.

Injiniyan Situdiyo:
Hajiya, ki ƙara da muryoyin wakilai ta WhatsApp. Waya ta yi taƙi ɗaya da baki, a ɗan karkace, don kada iskar baki ta daki makirfo. Cikin mota a rufe ya fi ɗaki mai tayil, wanda ke amsa kuwwa. Daƙiƙa 20 zuwa 30 sun isa. A sauke a kwamfuta kafin shiri. In aka kunna daga waya, kira na shigowa ya yanke. Kwamfutar kuma ta zauna kan inbata, in ba haka ba canji zuwa janareta zai kashe ta.

Baba Mai Gabatarwa:
Mai sauraron safe ba ya zama, yana shirya yara ne. A faɗi lokaci duk minti biyar, a maimaita kanun labarai duk kwata. Labarin duniya a bar wa BBC Hausa da ƙarfe 6:30, ku kawo farashin masara a kasuwar Dawanau ta Kano.

Editan Zazzau:
Haka ne, Baba. Amma a zaunar da daraktan labarai a horon. In ba ya nan, mako biyu ba za a yi ba gwamna ya dawo layin farko.