Wace kalma za mu ba "psychological maturity"?

Jama'a, ku zo mu daidaita a kan kalmar nan, wadda ke nufin girman tunani da halin mutum, ba na jikinsa ba. Masu fassarar nazarin halayyar ɗan Adam kan ce "balaga", ni kuwa ban yarda ba. Balaga ta jiki ce. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta raba girman jiki da na hankali: maraya ya kai munzalin aure, amma ba a miƙa masa dukiyarsa sai an ga rushdi, wato hankalin riƙe dukiyar, tattare da shi.

Na san da yawa za su ce "dattako". Kalma ce mai daɗi, sai dai tsufa na cikinta, alhali abin da masana ke bincike ke nan: shin shekaru ne ke kawo abin? In muka ce dattako, mun amsa tun ba a tambaya ba. Binciken masaniyar halayyar ɗan Adam Carol Ryff na 1989 a Amurka ya nuna lamarin ba miƙaƙƙe ba ne. Tsofaffi sun fi matasa iya tafiyar da al'amuransu na yau da kullum, amma jin cewa akwai sauran abin da ake nufa a rayuwa yakan ragu da tsufa. Mata kuma sun ɗara maza wajen kyautata hulɗa da mutane. Ga shi da an ce dattako, namiji mai furfura a zaure ake hangowa, a manta da gwaggon da kishiyoyi ke kai wa ƙara, ta bar kowace ta gama kukanta kafin ta ce uffan.

"Wayewa" ma ba ta yi ba, ta jingina da boko. Ilimi na taimakawa, amma nawa ne masu digiri da ba sa jure a ce sun yi kuskure?

"Cikar hankali" kuwa, kishiyarta taɓin hankali ne, don haka ita ma ba ta yi ba.

Ni dai na tsaya a kan "nunar hankali". Dama muna cewa wane ɗanyen kai gare shi, ko an yanke ɗanyen hukunci, kuma kishiyar ɗanye nunanne ne. Kalmar ba ta ware mace ko namiji, ba ta tambayar takardar makaranta, kuma ta yarda a samu ɗan saba'in da hankalinsa bai nuna ba.

Cikas ɗaya gare ta: a rubuce ana iya ɗaukar ta "nuna" ta nuni. Mutanen Sakkwato da Damagaram, yaya ta zauna a kunnenku?